Tafin Hannu a Kan Bonet

Ranar Litinin Mista Haddon ya dawo da motar,
koriyar Triumph, ƙirar sittin da takwas,
wadda na fesa wa fenti da hannuna bara waccan
a garejin nan na bayan tashar jirgin Coventry.
Bai ɗaga murya ba. Ya ja ni ta hannun riga
har gaban bonet, ya ce, "Tanimu, shafa ka ji."

Na shafa. Ƙuraje ne,
ƙanana, sun tashi tsiri-tsiri kamar ƙyanda a bayan yaro.
Na soka wa ɗaya allura,
ɗigon ruwa ya leƙo, ya tsaya yana kallona.

Bakina ya riga hankalina.
Na ce, ai garejinka ne, dattijo, siminti mai tsatsafar da danshi,
ga ledar da kake lulluɓe ta da ita duk hunturu,
mota ba ta numfashi, sai ta kwana cikin zufarta.
Na ce, ko kuwa fotin da wani ya liƙa tun zamanin mahaifinka,
shi foti kamar burodi yake, ya ga ruwa sai ya sha.
Na ce, garin nan ma fa, yaushe rabonsa da bushewa?

Ya saurare ni har na gaji da kaina.

Da ya tafi sai na koma kan kwampreso.
Na kwance ƙusar gindinta, ko ta tara ruwa ta tura cikin tiyo.
Ƙaf take. Ni ne mai tsiyaye ta kowace safiya.
Na duba littafin aiki: kwana uku na bar shafen farko ya sha iska
bayan na goge shi da jiƙaƙƙiyar sanfefa.
Babu inda na yi gaggawa.

Wajen ƙarfe huɗu, rana ta sunkuyo ta tagar yamma,
hasken ya kwanta a kan bonet a karkace,
sai ƙurajen suka haɗa kansu.
Yatsu huɗu. Dunduniyar tafi. Babban yatsa can gefe,
da ɗan gurbin da ba kowa ke da shi ba,
inda injin markaɗe ya gutsure ni ina ɗan shekara tara a Funtuwa.

Na ɗora hannuna a kai. Bai rage ba, bai yi saura ba.

Sai ranar ta dawo mini.
Na cire safar hannu don in ɗauki waya,
Sagiru ne, muryarsa tana yankewa,
yana cewa an riga an yi wa Baba sutura, kada in yi wahalar neman jirgi.
Ban sami kujera ba. Motar ce kusa,
na dafa ta, ban san ko minti nawa ba.
Na share fuska, na mayar da safa, na ɗauki bindigar fenti,
shafe uku, kore a kan kore, har ina yaba wa kaina sheƙinsa.

Gishirin gumi ba ya mutuwa a ƙarƙashin fenti.
Yana nan zaune, yana kiran ruwa,
ruwa kuma ya san muryarsa,
ya ratso ta ƙofofin da ido ba ya gani,
hunturu biyu yana taruwa a hankali
har abin da na rufe ya ɗago kai.

Da safe na kira Mista Haddon, na ce ledarsa ba ta da laifi.
Ya yi shiru, ya ce, "Nawa ne gyaran?"
Na ce babu ko fam ɗaya.
Ya ce to in bari sai Juma'a, ba ya sauri.

Yau Alhamis. Sanfefa tana kan benci tun shekaranjiya.
Sai an kai ga farin ƙarfe, ba a yi wa irin wannan faci.
Na sani sarai.
Na sa safa, na cire. Na sake kunna butar shayi.